Aikin Fosdok da Masana Ƙididdiga: Wa Ke Biyan Kuɗin Haɗin Gwiwar?

Wani tsohon ɗalibina da ya kammala digirin digirgir a kan cututtukan amfanin gona ya same ni da tallar aiki a wayarsa, bakinsa har kunne. Wata jami'a ce a Turai ke neman mai binciken bayan digirgir, abin da 'yan boko ke kira fosdok, na tsawon shekara biyu. An rubuta cewa wanda aka ɗauka zai yi aiki kafaɗa da kafaɗa da masana ƙididdiga da masana yanayi. Ya ce, "Malam, ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Zan koyi ƙididdiga a hannun masu ita, ga kuma albashi da kuɗin waje." Na ce masa, "Allah ya sa alheri. Amma zauna tukuna mu duba abin da za ka biya, don tallar ta faɗi abin da za ka samu ne kaɗai."

Lissafin da muka yi a ranar shi ne nake son shimfiɗawa a nan, domin irin wannan talla ta yi yawa a jami'o'in Amurka da Ingila da Jamus, matasanmu kuma suna yi mata kallon kitse.

Abin da ba na jayayya da shi

Ba na musun cewa bincike yana bukatar masanin ƙididdiga. Ronald Fisher ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila a 1919, ya tarar da bayanan amfanin gona na shekaru da dama a jibge. Daga zamansa da masana noma ne aka samu ƙa'idojin tsara gwaji da ake koyarwa har gobe, a Samaru da ko'ina. Haka likita Richard Doll da masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill suka haɗu suka nuna alaƙar shan taba da sankarar huhu a 1950. Ta ɗaya ɓangaren kuma an ga abin da rashin wannan haɗuwa ke jawowa. A 2015 wata tawagar masana ta maimaita gwaje-gwaje 100 na ilimin halayyar ɗan Adam da aka riga aka wallafa, sai kashi 36 cikin ɗari kaɗai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan gaskiya ce.

Sai dai a lura da wani abu. Fisher shekara 14 ya yi a Rothamsted. Binciken da Doll da Hill suka fara a kan likitocin Birtaniya a 1951 sai da aka yi shekara 50 ana bin sa. Haɗin gwiwar da ake buga misali da shi, na mutanen da ke da aikin dindindin ne da lokaci mai yalwa. Yau kuwa an ɗauki wannan kaya an aza wa wanda ya fi kowa ƙarancin shekaru a tawaga, wanda kwantiraginsa ya fi na kowa gajarta. Nan gizo ke saƙar.

Farashi na farko: lokaci

Shekara biyu a takarda tana da auki, a aiki kuwa ba ta da shi. Watannin farko suna tafiya ne a neman gida, buɗe asusun banki, da jiran izinin taɓa bayanai. Idan bayanan marasa lafiya ne, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, sai an sa hannu a yarjejeniyar musayar bayanai, wani lokaci tsakanin hukumomi biyu ko uku da kowace ke da lauyoyinta. Watannin ƙarshe kuma na neman aiki na gaba ne, domin babu mai jiran kwantiraginsa ya ƙare kafin ya fara aika takardu. Abin da ya rage a tsakiya bai fi shekara guda da 'yan kai ba.

A cikin wannan ɗan tsakanin ne ake so masanin tsirrai ya iya rubuta lissafi a manhajar R, ya fahimci abin da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna karanta. Idan kuwa masanin ƙididdiga ne aka ɗauka aka kai shi ɗakin gwaje-gwaje, ana so ya san yadda cuta ke yaɗuwa da yadda na'ura ke yin kuskure. Binciken Erin Leahey da abokan aikinta, wanda ya fito a 2017, ya nuna cewa masanan da ke tsallaka fannoni ana yawan ambaton aikinsu, amma maƙalun da suke fitarwa ba su kai na takwarorinsu yawa ba. Farfesan da kujerarsa ta tabbata zai iya jure wannan. Matashin da za a ƙirga maƙalunsa nan da wata 18 ba zai iya ba.

Farashi na biyu: rashin jin harshen juna

Na taɓa zama a wani taron tawagar bincike da ba na mantawa da shi. Wani matashi ya gwada maganin feshi a kan dawa. Fili ɗaya ya fesa, ɗaya ya bari. A kowane fili ya auna tsiro 200, ɗaya bayan ɗaya, cikin rana, da littafi da awo a hannu. Ya haska jadawalinsa a bango yana cewa samfurinsa 400 ne, kuma bambancin a bayyane yake. Masaniyar ƙididdigar da ke zaune a gefe ta tambaye shi a hankali, "Filaye nawa ka ce?" Ya ce biyu. Ta ce, "A ina suke?" Ya ce ɗaya yana gangaren fadama, ɗaya yana kan tudu. Ta ajiye alƙalaminta ta ce, "To samfurinka biyu ne. Ba ni da hanyar raba aikin magani da aikin danshin ƙasa."

Ɗakin ya yi tsit. Matashin bai yi ha'inci ba, bai kuma yi lalaci ba. Kalmar maimaici ce take nufin abu ɗaya a wurinsa, take nufin wani a wurinta. Shi yana ƙirga tsirrai, ita tana ƙirga filayen da aka raba wa magani ta hanyar ƙuri'a. Damina guda ta tafi a kan kalma guda, mai kwantiragin shekara biyu kuwa damina biyu gare shi.

Irin waɗannan kalmomi suna da yawa. Idan masanin ƙididdiga ya ce sakamako ya yi ƙarfi, yana nufin ma'aunin p ya sauka ƙasa da 0.05. Likita kuwa sai ya ji kamar an ce maganin yana warkarwa sosai. Ruɗanin ya kai har Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa ta musamman a 2016 tana gargaɗi a kan yadda ake fassara wannan ma'auni. Dole a samu wanda zai tsaya tsakani ya yi tafinta, kuma kusan kullum ɗan fosdok ne. Tafinta aiki ne mai cin rai, amma babu gurbinsa a takardar neman aiki.

Farashi na uku: kira bayan an gama

A 1938, a taron masana ƙididdiga na Indiya da aka yi a Kalkata, Fisher ya kwatanta kiran masanin ƙididdiga bayan an kammala gwaji da kiran likita ya binciki gawa: iyakarsa ya faɗi abin da ya kashe gwajin. Shekara sama da 80 ke nan, halin bai sauya ba. Talla takan ce haɗin gwiwa, amma da yawa daga cikin waɗannan ayyuka an riga an tsara su, an ci rabin kuɗin tallafin, an tattara bayanai, sannan aka tuna ana bukatar mai fitar da ma'ana daga ciki. Ihu ne bayan hari.

Abin da sabon ma'aikaci ke tararwa shi ne tarin jadawalin Excel da hannaye goma suka taɓa. Wani ya rubuta kwanan wata da tsarin Amurka, wani da na Ingila. Wani ya bar gurbi fanko inda ba a yi awo ba, wani ya sa sifili. Wanda ya san ma'anar wani shafi ya bar wurin tun bara. Kada a ɗauka ƙaramin abu ne. Wani nazari na 2016 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun ilimin ƙwayoyin gado da suka haɗo da jerin sunaye a Excel suna da kuskure, saboda manhajar tana mayar da suna irin SEPT2 ya koma kwanan wata. Matsalar ta yi tsanani har kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya wa wasu suna a 2020.

Wanda ke son sanin nauyin wannan shara, ya dubi abin da ya faru a Jami'ar Duke ta Amurka. A 2006 aka wallafa binciken da ya yi da'awar cewa za a iya duba ƙwayoyin gadon mai sankara a zaɓa masa maganin da zai karɓe shi. Masana ƙididdiga biyu na cibiyar MD Anderson, Keith Baggerly da Kevin Coombes, suka yi ƙoƙarin maimaita lissafin. Suka tarar jerin ya goce da layi ɗaya, a wasu wuraren kuma an juya alamar masu jin magani da marasa ji. Aikin ya ci musu kimanin awa 1,500, kuma sai a 2010 aka dakatar da gwaje-gwajen da ake yi a kan marasa lafiya baki ɗaya. Waɗannan manya ne masu kujera. A ƙaddara ɗan fosdok ne ya ga wannan kuskure a aikin maigidan da bizarsa ke hannunsa. Awa 1,500 ta kusa aikin shekara, kuma ba za ta haifar masa da maƙala ko ɗaya ta kansa ba.

Farashi na huɗu: suna

A kasuwar jami'a, suna a kan maƙala shi ne kuɗi. A fannin lafiya da ilimin halittu, sunan farko na wanda ya ja aikin ne, na ƙarshe na shugaban ɗakin gwaji. Mai ƙididdiga yakan faɗa tsakiya, na biyar cikin goma sha biyu, ko ma a gode masa a ƙasan shafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai ranar neman aikin dindindin ta zo. Sashen ƙididdiga zai tambaya: ina sabuwar hanyar lissafi da ka ƙirƙiro, ina maƙalarka a Biometrika ko Annals of Statistics? Sashen ilimin halittu zai tambaya: ina gwajin da ka tsara da hannunka, ina maƙalar da sunanka ke farko? Kowane ɓangare yana ganinsa ɗan wancan gida ne. Ya zama jemage, tsuntsaye ba su karɓe shi ba, dabbobi ba su karɓe shi ba.

Masu ba da tallafi ma bakinsu daban, hannunsu daban. Lindell Bromham da abokan aikinta sun duba takardun neman tallafi 18,476 da aka miƙa wa hukumar bincike ta Ostireliya cikin shekara biyar, suka wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2016: gwargwadon yadda bincike ya haɗa fannoni masu nisa da juna, gwargwadon raguwar damarsa ta samun kuɗi. An yi yunƙurin gyara. Akwai sanarwar DORA ta 2012 da ke kira a daina auna masani da sunan mujalla, akwai kuma tsarin CRediT da ya ware ayyuka 14 don a rubuta abin da kowa ya yi. Amma kwamitin da ke da takardun mutum ɗari a gabansa, layin sunaye yake fara dubawa. A jami'o'inmu da dama ma, makin ƙarin girma raba shi ake yi bisa yawan marubuta da matsayin suna, don haka wanda ya dawo gida da maƙalu shida yana tsakiyar kowace zai ga ba su yi masa nauyin da ya zata ba.

Farashi na biyar: amana

Wannan ya fi sauran ci mini rai. A 2018 mujallar Annals of Internal Medicine ta wallafa amsoshin masana ƙididdigar lafiya 390 na Amurka a kan buƙatun da ba su dace ba da masu bincike ke kawo musu. Cikin waɗanda suka fi yawa akwai a cire ko a sauya wasu bayanai don su dace da hasashe, a fassara sakamako bisa abin da ake fata, a ɓoye cewa wasu muhimman bayanai sun ɓata, a kuma kau da kai daga sharuɗɗan lissafi da aka karya. Kowace daga cikin huɗun nan, aƙalla mutum ɗaya cikin biyar ya ce an taɓa kawo masa ita.

Ba a zuwa da irin wannan buƙata da sunan ha'inci. Cewa ake yi, "Sake dubawa mana, ko ka gwada wata hanyar." Ma'aunin p ya tsaya a 0.07, ana so ya sauka. A cire waɗancan marasa lafiya uku, a raba maza da mata, a gwada lissafi na biyu da na uku har a dace. Babban masani zai iya cewa a'a ya kwana lafiya. Amma wanda takardar shaidarsa, sabunta kwantiraginsa da zaman iyalinsa a ƙasar duk suna hannun mai roƙon, a'a tana yi masa tsada. In ya ƙi, ya ɓata da maigida. In ya yarda, ya sa hannu a kan abin da zai iya kai likita ga ba da maganin da ba ya aiki, kuma zai amsa tambaya a kansa gobe kiyama. Babu albashin da ya kai wannan.

Farashi na shida: aljihu da iyali

Idan aka juya albashin fosdok zuwa naira sai ya yi kama da dukiya, amma ba a Kano za a kashe shi ba. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta ɗaga mafi ƙarancin abin da take biyan sabon fosdok daga dala 56,484 zuwa 61,008 a 2024, alhali kwamitin da ita kanta ta kafa ya ba da shawarar dala 70,000. A biranen da manyan jami'o'i suke, haya da renon yara kan lashe mafi yawansa. Wannan matsi na cikin abin da ya sa ma'aikata kusan 48,000 na Jami'ar Kalifoniya, har da 'yan fosdok, suka shiga yajin aiki a ƙarshen 2022. A Birtaniya, baƙo mai bizar aiki yana biyan fam 1,035 na kuɗin lafiya a kan kowace shekara tun daga 2024, matarsa ma haka, kowane yaro fam 776, kuma a dunƙule ake biya kafin a shiga ƙasar. A Jamus dokar 2007 ta ƙayyade shekarun da za a iya riƙe mai bincike a kan kwantiragin wucin gadi, shida bayan digirgir a yawancin fannoni. In bai samu kujera ba a lokacin, sau da yawa sai ya bar jami'a.

Akwai kuma kuɗin da ba a gani, wato wanda aka bari. Shulamit Kahn da Donna Ginther sun bi sawun masu digirgir a fannin lafiya da halittu a Amurka, suka nuna a 2017 cewa waɗanda suka bi ta fosdok sun yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da za su samu a shekara 15 na farkon aikinsu. Ga mai ƙwarewar ƙididdiga giɓin ya fi zafi, domin kamfanonin magunguna da bankuna da kamfanonin fasaha suna neman irinsa. Ƙari a kan haka, ga ƙaura duk bayan shekara biyu, yara suna sauya makaranta da harshe, iyaye suna tsufa a gida.

Farashi na bakwai: abin da gida ke rasawa

Mu ba baƙin irin wannan aiki ba ne. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, a jihar Jigawa ta yanzu. Sai da aka shafe fiye da shekara ana awon jini da ƙirga sauro kafin a fesa magani ko a raba ƙwaya. Likitoci da masana ƙwari da masu lissafi sun yi aiki tare tun daga tsari, kuma daga nan ne Klaus Dietz da Louis Molineaux da Anthony Thomas suka fitar da lissafin yaɗuwar cutar a 1974, wanda har yau ake komawa gare shi. Binciken ya nuna cewa feshi da rabon magani sun rage cutar ƙwarai, amma ba su katse yaɗuwarta ba. Sakamako ne marar daɗi, an kuma faɗe shi yadda yake, domin aikin yana da shekara bakwai da ginshiƙi mai ƙarfi.

Yau masana ƙididdigar lafiya sun yi ƙaranci a Afirka, har aka kafa gamayyar SSACAB ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Witwatersrand don horar da su. Duk wanda ya tafi bai dawo ba, ɗaliban digiri na biyu da na uku ne suka rasa mai duba musu tsarin gwaji kafin su shiga gona ko asibiti. Wani lokaci ma bayanan da zai je ya yi wa shara a can, daga asibitocinmu da gonakinmu aka kwashe su.

Hukunci

Ban ce kada a tafi ba. Akwai tawagogin da ke yin abin yadda ya kamata, wanda ya dace da su kuwa zai fito da ilimin da ba a saya da kuɗi. Abin da na ce shi ne, kalmar haɗin gwiwa a talla ba shaida ba ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ɗalibina ya tashi na sa ya rubuta tambayoyi shida da zai yi musu. Bayanan suna hannu, an kuma samu izinin amfani da su? An sa masanin ƙididdiga tun wurin tsara gwajin, ko yanzu ake nemansa? Wane ne shi, kuma awa nawa a mako aka biya don ya zauna da ni? Maƙalu nawa ne sunana zai zo farko, za a rubuta wannan a takarda? Idan muka saɓa da shugaban aiki a kan fassarar sakamako, wa zai raba gardama? Waɗanda suka riƙe wannan gurbi kafin ni, ina suke yanzu? Tawagar kirki za ta yi murna da waɗannan tambayoyi. Wadda ta ji haushinsu ta riga ta ba da amsa.

Ga shugabannin bincike da masu ba da tallafi kuma, na waje da na gida har da TETFund, kirana shi ne: in da gaske ake son fannoni su haɗu, a biya kuɗin haɗuwar. A ba da shekara uku zuwa biyar, a kira mai ƙididdiga tun ranar da ake zana filaye, a ƙirga gyaran bayanai a matsayin aiki, a kuma kare ƙaramin ma'aikacin da ya ce alƙaluma ba su nuna abin da ake so ba.

Kai kuma ɗan'uwa mai riƙe da irin wannan talla, shekarun da ke bayan digirgir su ne mafi ƙarfi a rayuwar mai bincike, kuma ba sa dawowa. Ka yi tambaya, ka nemi amsa a rubuce, ka yi shawara da iyalinka, sannan ka sa hannu.